Ranar da Aka Sa Gajere a Buhu

Masu turo mini saƙo kuna cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Wata ma cewa ta yi ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba, 'yar'uwa, saura ƙiris dai a fasa gaba ɗaya, kuma a kan kyanwa. Yau da natsuwata nake rubutun nan, ga shayi a gefena, zuciyata wasai, abin da rabona da shi tun farkon damina.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Nana Aisha, a Kankia nake, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare. Mahaifina Malam Dawuda mai hatsi ya rasu bara. A shagonsa akwai wata kyanwa da ke tsare masa buhuna daga ɓeraye, har hira yake yi da ita in kasuwa ta yi sanyi. Da aka rufe shagon ba ta bar wurin ba, daga baya ta haihu a ciki, sannan ta ɓace. Ranar da muka je kwashe sauran kaya na tsinci ɗanta ɗaya da ya rage a bayan mudu, ɗan mitsitsi, ja da fari, ƙafafu gajejjeru kamar na kujerar tsakar gida. Na saka shi a hijabina na kawo gida, na sa masa suna Gajere. Ku yi mini dariya in kun ga dama, amma shi ne abu na ƙarshe mai numfashi da ya fito daga shagon Baba.

Sai kuma Sharafaddeen, wanda ke nemana. Mutumin Kusada ne, yana da shagon kifi da kaji na ƙanƙara, firjinsa da sola yake aiki. Dogo ne, baƙi, kullum cikin yadi mai ruwan toka kamar an yi masa wahayi da shi. Inna, mahaifiyata, ta mutu a kansa. Danginsa sun daɗe suna jiran in ce su turo, ni kuma ina ta ja, yau in ce sai an yi hutu, gobe in ce sai na yi istihara. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa Inna ba ita ce, mutumin nan bai iya cewa a'a ba. Ka ce masa rana daga yamma take fitowa, zai sunkuyar da kai ya ce to. Ni kuwa in na tuna zaman aure sai in ce a raina, ranar da wani abu ya taso mini, wannan bawan Allah zai tsaya mini kuwa?

Ana cikin haka Gajere ya kwanta. Da farko wasa ya daina, sai abinci, jikinsa ya ɗauki zafi. Daga nan ciki ya fara tasowa, ƙashin baya kuma yana fitowa, in yana tafiya cikin na lilo kamar salka. Gwaggo Rukayya, yayar Baba, ta zo daga Kafin Soli ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci.

“Wagga kyanwa ciki gare ta.”

Na ce Gwaggo, muzuru ne fa, kuma ko shekara bai yi ba. Sai ta ja ƙafafunta ta tattare zani, ta ce to ai abin ya fi muni, namiji da ciki ba abin zama gida ɗaya da mutane ba ne. Tun daga ranar ba ta ƙara shan ruwa a randarmu ba sai an wanke moɗa a gabanta.

Na naɗe shi a tsohon ɗankwalina na kai wa Dokta Chichi. Likitar dabbobi ce, daga kudu aiki ya kawo ta, ta daɗe a Kankia har Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Ta aske masa ciki, ta zuƙo ruwa da sirinji, wani ruwa rawaya mai yauƙi, ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo. Ta ce alamu duk sun nuna ciwon da suke kira FIP ne, wata ƙwayar cuta ce ta kyanwoyi da ke rikiɗa a jikin ƙananansu ta tara musu ruwa a ciki. Ta ce ba ya kama mutum, in je in gaya wa mutanen gida su kwantar da hankalinsu. Ta kuma ce a da in ta ga wannan ruwan haƙuri kawai take ba mai dabba, amma yanzu akwai magani, za ta sa abokiyar aikinta ta aiko daga Legas. Sharaɗin dai shi ne kusan wata uku ana ba shi, kullum a lokaci guda, ba fashi, kuma ana auna nauyinsa ana ƙara maganin yadda yake ƙara ƙiba. Shi ya sa ta riƙe maganin a wurinta, duk mako in kai shi awo ta ba ni na satin. Kada ku tambaye ni yadda na biya, 'yan kunnena na gwal dai sun yi tafiya, mu bar zancen.

Bayan la'asar muka zaɓa. Da allura aka fara, kuma allurar nan zafi gare ta, in na danne shi cikin tawul Dokta ta soka sai ya ƙwalla ƙara har maƙwabta su leƙo. Shi yana kuka ina kuka. Abinci da sirinji nake ɗura masa, romon kifi kaɗan-kaɗan, kifin kuma Sharafaddeen ke kawowa duk zuwansa zance, ba tare da na roƙa ba, ba kuma tare da ya ce komai ba. Na yi masa shimfiɗa a kwandon wanki, na zuba yashi a tsohuwar tasa na ajiye masa a lungu. Ranar da ya sa baki da kansa a kwano, wallahi sai da na yi sujada. Cikin ya fara saɓewa, aka koma ƙwaya. Amma fa kyan gani babu: ciki a aske, baya duk tabon allura, wuya kamar tsinke.

To a nan ne aka aiko daga Kusada cewa mata za su zo gaishe da Inna ranar Asabar, har da kakarsa Iya Hadijatu. Kowa ya san ba gaisuwa ce kawai ba, zuwa ne su ga gida, su ga yarinya, su kuma ji amsa. Gida ya rikice da shara da shafe. Gwaggo ta dawo ta tare, kullum suna ƙus-ƙus da Inna a ɗaki, da na shigo su ɗauko zancen tsadar manja. Na ji da kunnena Gwaggo tana cewa a unguwa har an fara kirana uwar kyanwa, wa zai kai wa ɗansa macen da ke kwana da mushe a ɗaki.

Ranar Laraba Inna ta ce in raka Gwaggo suna a Kafin Soli. Na ce ina da magani bayan la'asar, ta ce ai kafin nan mun dawo. Na saka atamfata kore mai zanen ganye, na yafa mayafi ruwan madara, na shafa kan Gajere na fita. A can Gwaggo ta riƙa jana gida-gida, a gaishe da wance, a yi wa wance barka, wayata kuma ta mutu tun hantsi don ban yi mata caji ba. Da ƙyar na ƙwace na hau mashin, la'asar ta riga ta wuce.

Na shiga ɗaki da gudu, na tarar da kwando a kife an wanke shi, tasar yashi ba ta nan, ɗakin sai ƙamshin turaren wuta. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ta kira Sharafaddeen da safe, ya zo ya durƙusa a zaure, ta yi masa magana ta bayan ƙofa. Ta miƙa masa buhu da Gajere a ciki ta ce ya yar da shi a daji a hanyarsa ta komawa, nesa, inda ba zai gane gida ba. Haka dai ake yi wa kyanwar da aka gaji da ita, ba Inna ta fara ba.

Na ce, “Shi kuma ya ce me?”

“Mi zai ce? Yaro mai kunya. Cewa ya yi to, Inna.”

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ba haushin Inna na ji ba a lokacin, nasa na ji. Mutumin da ya ga hawayena a kan dabbar nan, wanda da hannunsa yake kawo kifi. Abin da nake tsoro tun farko ga shi ya faru, kuma a kan ran da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na jona waya a 'yar solar ɗakina, tana kawowa na ga kiransa rututu da saƙonni a jere. Na ce ban-haƙuri ne, ya riƙe abinsa. Ko buɗewa ban yi ba, na toshe lambarsa, na kashe wayar na jefa ƙarƙashin filo.

Na fita na tare Malam Bube, wani dattijon ɗan acaɓa da ya san Baba, na ce hanyar Kusada. Muna tafe muna tsayawa, ina kutsawa cikin gero da ya fi ni tsawo ina kiran mus-mus, raɓa da laka sun gama da atamfar suna. Na ga wani buhu a bakin kwalbati gabana ya faɗi, na buɗe, takin zamani ne ya saura a ciki. Manoma masu komawa gida suna kallona, wani ya tambayi Malam Bube ko yaro ne ya ɓata. Da rana ta yi ja ya ce, ɗiyata, mu koma, abin da Allah ya tsare ba ya salwanta. Na hau muka juyo, ina ta lissafin cewa yau dai an yi fashin magani, kuma ko ciwon bai kashe shi ba karnuka za su yi.

Washegari ban je makaranta ba. Na ɗauki gwangwanin da nake ajiye ƙwayoyin na tafi gidan Dokta Chichi in mayar mata, ko wata kyanwar za ta amfana. Na same ta tana ɗaura jakar aiki a bayan mashin za ta Fakuwa duba shanu. Tana ganin idanuna ta riƙe ƙugu.

“Ke Nana, me ya sami wayarki? Tun jiya nake nemanki.”

Na buɗe baki kuka ya riga magana. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce in na gama in saurara. Jiya kafin azahar wani dogon mutum mai yadi ruwan toka ya yi sallama a ƙofarta, rungume da buhu kamar jariri, gumi har gwiwa. Ya ce mata ba zai iya komawa ya nemi magani a gidanmu ba, don surukarsa za ta gane, ta taimaka ta ba shi wani ta kuma koya masa yadda ake bayarwa. Ta ce sau uku tana nuna masa yadda ake buɗe baki a jefa ƙwaya can ciki a shafa maƙogwaro, yana ta tambaya kamar mai shirin jarrabawa. Da ta ce sai an riƙa awo, ya ce ai sikeli ne sana'arsa.

Ban san yadda na iso gida ba, gwangwanin ma na dawo da shi a hannuna. Na rarumo wayar, na buɗe abin da na ƙi buɗewa jiya.

“Nana ki ɗauka don Allah.”

“Gajere yana wurina, kada hankalinki ya tashi.”

“Na je wurin Dokta, ta ba ni magani.”

“An yi la'asar, na ba shi. Ya yaƙushe ni amma ya haɗiye.”

Sai hoto: Gajere zaune daram a kan sikelin kifi, ya ware ido yana kallon firji, ga hannun Sharafaddeen a gefe da sawun farce uku. A ƙasa ya rubuta, “Ban iya yi wa Inna musu ba. Ban kuma iya ajiye shi a daji ba. Ki yafe mini na farkon.”

Na yi dariya, na yi kuka, na sake dariya, har Inna ta leƙo ta ga ko na zare ne. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Ashe ba a yi fashin ko kwana ɗaya ba. Na buɗe lambarsa na kira, ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara. Ya ce Gajere ya ci kifi da safe, kuma ya ƙwace wa Iya buzun sallarta. Na ce masa na gode, na kuma ce na toshe shi jiya. Ya ce ya gani. Ko ƙorafi bai yi ba, sai tambayata ya yi ko ruwan ɗumi ake ba shi ko na randa.

Ni na ɗauka a haka za mu bar zancen, a ɓoye wa Inna har magani ya ƙare. Sai ga shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi sallama, ba ni ya aiko a kira ba, Inna. Na laɓe a bayan labulen ɗakina ina leƙe. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar Laraba, kansa a ƙasa, aka gaisa har aka gaji. Sannan ya ce, da wata murya da ban san yana da ita ba:

“Inna, aikin da kika sa ni ban yi ba. Yana gidanmu, ana ba shi magani. Na zo ne ki yafe mini, don ko an sake sa ni ba zan iya ba.”

Gwaggo ta saki salati. Ni kuwa na dafe bango, don ban taɓa jin wanda ya ce wa Inna a'a ba tun rasuwar Baba, balle mai neman 'yarta, ana gobe danginsa za su zo. Sai Inna ta ce, “Shina cin abinci?” Ya ce yana ci. Ta ce to ya tashi, Allah ya yi masa albarka.

Da ya tafi ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta ce ba zancen mutanen unguwa ne ya dame ta ba. Ita ta ga yadda na yi jinyar Baba, cokali-cokali, ina murna duk ranar da ya ci, har ranar da bai ci ba. Da ta ga na sake ɗauko sirinji da romo sai ta ji ba za ta iya kallona a karo na biyu ba, ta gwammace ya ɓace in ji haushinta, da ya mutu a hannuna. Na kwantar da kai a cinyarta na ce Inna, wannan karon Dokta ta ce yana warkewa. Ta ce ta ji, Allah ya sa, ta kuma ce in tashi in wanke kaina gobe akwai baƙi.

Asabar suka zo su biyar, da goro da alawa. Na saka leshi ruwan zuma, Gwaggo da kanta ta ɗaura mini ɗankwali tana mita wai na rame saboda dabba. Aka shigo da ni na durƙusa na gaishe su, na ja mayafi na rufe fuska. Iya Hadijatu 'yar tsohuwa ce ƙarama, baki ja da goro, ido kamar na yarinya. Ta ɗaga mayafina ta leƙa, ta ce ashe wannan ce uwar baƙon nata. Daga nan ta shiga ba da labari, yadda Gajere ke kwana a ƙafafunta, yadda take riƙe shi a zani jikanta na jefa ƙwaya, yadda ɓerayen da suka addabi rumbunta suka yi ƙaura don jin kukansa kawai. Ta ce jiya an ɗora shi a sikeli ya ƙaru, ita ta fara yin hamdala. Ɗakin ya cika da dariya, har Gwaggo sai da ta murmusa ta ɓoye.

Inna ta yi gyaran murya ta ce ai tunda ya samu sauƙi, sai a dawo wa yarinya da abinta, ta janye maganarta. Iya ta gyara zama ta tofar da goro a gwangwani.

“A'a. Da buhu kuka kore shi, mu kuma da buzu muka tarbe shi. Ba inda za shi. Mai kyanwa in tana son abinta, ta san hanyar Kusada.”

Duk suka juyo kaina, Inna ma ta zuba mini ido, irin kallon nan na wata da watanni tana tambaya ina zillewa. Na tuna hannun nan mai sawun farce uku, na tuna muryar jiya a zaure. Na ƙara jan mayafi, na ce a hankali, “Iya, ki riƙe mini shi zuwa bayan girbi. Amma don Allah bayan la'asar ne, kada a makara.”

Wata daga cikinsu ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse a tsakar gida. Ni dai na tashi na gudu ɗaki na faɗa kan gado, kunya kamar ta kashe ni, zuciyata kuma fes.

Da za su tafi na leƙa ta taga. Sai ga Inna ta fito da kwandon wankin nan da ta kife ranar Laraba, ta shimfiɗa tsohon ɗankwalina a ciki, ta ɗora gwangwanin maganin a kai. Ta miƙa wa Iya da hannu biyu.

“Ku tafi da wannan,” in ji ta. “Sauran kayan ɗakin sa biyo baya.”